Yadda Ake Gyara Kitty Cat, Ƙaramin Babur Ɗin Ƙanƙara Na Yara, Da Ƙara Masa Gudu

A shekarar 1972 kamfanin Arctic Cat da ke garin Thief River Falls a jihar Minnesota ta Amurka ya fitar da wani ƙaramin babur ɗin dusar ƙanƙara domin yara, ya sa masa suna Kitty Cat. An ci gaba da ƙera shi har 1999, sannan a 2000 aka maye gurbinsa da sabon samfuri mai suna Z120. Har yau ana gadonsa daga wannan gida zuwa wancan a arewacin Amurka da Kanada, kuma kusan duk wanda ya saya tambayarsa ɗaya ce: gudun nawa yake yi, ta yaya za a ƙara masa?

Gudun da kamfani ya ƙayyade masa mil 8 ne a awa, wato kimanin kilomita 13. Injinsa silinda ɗaya ne, cc 60, mai bugu biyu, fanka ke sanyaya shi, ƙarfinsa kusan doki 3. Na farkon shekaru injin Kawasaki ne, daga tsakiyar shekarun 1970 aka koma Suzuki. Wanda ya taɓa kwance ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai ya riga ya san rabin wannan inji, domin girmansu ya yi kusa, kuma dukansu gwamna, wato na'urar da ke hana inji wuce wani adadin juyi, ne ke riƙe da juyinsu. Babu giya. Kuloci ne mai kamawa da kansa idan inji ya ɗauki juyi, sai sarƙa ta kai ƙarfin zuwa sifoket ɗin baya, shi kuma ya juya faffaɗan bel ɗin roba da ke taka ƙanƙara.

Akasarin waɗanda ake kuka da rashin gudunsu ba sa ma kai wannan kilomita 13 ɗin, kuma ba laifin gwamna ba ne. Doki 3 ba shi da rarar da za a yi asara. Boris ɗaya da ya bushe, ko bel da aka ɗaure fiye da kima, ya isa ya cinye kaso mai tsoka na ƙarfin. Don haka tsarin aikin shi ne a fara dawo da gudun da ya ɓata, sannan a taɓa sifoket, gwamna ya zo a ƙarshe.

Auna gudun kafin ka ɗauki sifana

Nemi fili shimfiɗaɗɗe inda dusar ta daddale, ka auna mita 30, ka kafa alama a farko da ƙarshe. Yaron ya taso daga nesa yadda zai iso alamar farko da cikakken gudu. Ka riƙe agogo, ka raba 108 da yawan daƙiƙun da ya yi, abin da ya fito shi ne kilomita a awa. Daƙiƙa 8.3 kilomita 13 ke nan, daƙiƙa 12 kuwa kilomita 9. A yi zuwa da dawowa a ɗauki matsakaici saboda iska da gangara. Waya mai GPS a aljihun rigar yaron ma tana yi. Abin da ke da muhimmanci shi ne duk gwajin da zai biyo baya a yi shi da wannan yaron, a wannan filin, a yanayin sanyi mai kama da na farko. Dusar da ta fara narkewa tana riƙe babur, sabuwa mai laushi kuma nutsewa yake yi a cikinta, don ba a ƙera shi domin ta ba.

Ka sayi ƙaramin ma'aunin juyi, irin wanda ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi. Ka saita shi a kan inji mai bugu biyu, mai tartsatsi ɗaya a kowane juyi, in ba haka ba zai ba ka ninki ko rabin lissafin gaskiya. Idan babu wannan ma'auni, duk abin da za ka yi wa gwamna da kuloci lalube ne.

Mai da kafireta

Zubar da tsohon man da ke tanki gaba ɗaya. Babur ɗin da ya kwana wata takwas a gareji mansa ya lalace. A Minnesota tun 1997 yawancin fetur ɗin gidajen mai yana da kashi 10 cikin ɗari na itanol, wanda ke jan ruwa daga iska, yana kuma busar da tsofaffin tiyo da roba. Ana sayar da fetur marar itanol domin irin waɗannan injuna, shi ya fi dacewa.

Wannan inji ba shi da famfon baƙin mai, da hannu ake haɗawa. Littafin kamfani na shekarar babur ɗinka shi ne alƙali, domin na farkon shekaru sun fi son mai da yawa fiye da na baya. Lissafin kowace lita ɗaya ta fetur: haɗin 50:1 mililita 20 ne, 40:1 mililita 25, 32:1 mililita 31, 25:1 mililita 40. Yi amfani da man injin bugu biyu na babur ɗin ƙanƙara, wanda ba ya daskarewa a sanyi. A galan ake haɗawa a girgiza, ba a cikin tanki ba. Kuma idan ka zaɓi haɗi ɗaya ka tsaya a kansa, saboda ƙara baƙin mai yana rage yawan fetur ɗin da ke ratsa jet, wato ɗan sukurun mai rami da fetur ke bi a cikin kafireta, sai saitin kafireta ya sauya ba ka sani ba.

Rufe famfon mai, cire kafireta, kwance kofin ƙasa. Za ka tarar da danƙo ruwan ƙasa ko kore a gindinsa. Fitar da babban jet da ƙaramin jet na silo, da fulot, wato abin da ke yawo a kan man cikin kofin, da allurarsa. Kafin ka cire sukurun saiti, ka murɗa shi ciki a hankali har ya zauna kana ƙirga juyin, ka rubuta, domin ka mayar da shi inda yake. Fesa man wanke kafireta a kowace kafa, ka bi da iska. Ɗaga jet ka duba ta wajen haske, ramin ya fito zagaye tsaf. Kada ka zura masa allurar ɗinki ko wayar ƙarfe. Tagulla ce mai laushi, da ta ɗan buɗe ka sauya girman jet ke nan har abada. Girgiza fulot kusa da kunne, in ka ji motsin ruwa a ciki ya huje, a sauya shi.

Alamomin suna faɗin inda cutar take. Injin da ba ya zama sai an ja cok, ƙaramin jet ne ya toshe. Wanda ke tashi lafiya amma ya shaƙe da an matsa totur zuwa ƙarshe, babban jet ne ko mai ba ya isowa. Wanda ke tafiya minti biyar ya mutu, ya huta ya sake tashi, duba 'yar kafar iska da ke murfin tanki, sau da yawa ƙanƙara ce ta toshe ta. Sauya tiyon mai da matatarsa ko da sun yi kyau a ido.

Wuta da matsin inji

Sa sabon fulogi mai lambar da littafi ya faɗa, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Tsofaffin injunan suna da kwantak a bayan filawil. Ka goge shi da takarda mai laushi, ka saita buɗewarsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4. Kwantak da ya ci ko ya yi tsatsa yana ba da wuta a silo, amma ya riƙa yankewa idan juyi ya hau, sai a ɗora wa kafireta laifin da ba nata ba.

Auna matsi da ma'auni: inji da ɗumi, totur a buɗe, a ja igiya sau biyar ko shida. In ma'aunin ya nuna sama da psi 100 lafiya ne. Ƙasa da 90, ringi ya gaji, kuma babu sifoket ko saitin da zai dawo da ƙarfin da ke zurarewa ta gefen fistin. Cire salansa ka leƙa ta ƙofar hayaƙi. In ka ga zane-zane a jikin fistin daga sama zuwa ƙasa, injin ya taɓa kamewa, sai an buɗe shi.

Tunda salansa tana hannunka, duba ƙofar hayaƙin da kyau. Shekaru talatin na baƙin mai suna tara gawayi har ramin ya ragu sosai, kuma wannan na cikin manyan abubuwan da ke kashe gudun tsohon inji mai bugu biyu. Juya inji har fistin ya rufe ƙofar, ka kankare gawayin da tsinken katako ko roba mai tauri, ka hure shi waje kada ya faɗa silinda. Ita ma salansar a wanke ta, a duba ko ɓera bai yi sheƙa a ciki ba, abin da ke faruwa sosai ga injin da aka ajiye a rumbu.

Akwai sil, wato zoben roba mai hana iska shiga, guda biyu a gefen karanshaf. Idan suka bushe, inji yana shaƙar iska ta inda bai kamata ba. Alamarsa silo ya riƙa hawa da kansa, ko juyi ya ƙi sauka bayan an saki totur. Kada a yi wasa da wannan, domin iska ta yi yawa fetur ya yi kaɗan, zafi ya hau, fistin ya narke. Injin da bai taɓa ganin sabon sil ba tun daga kamfani, a sauya masa kafin a yi maganar ƙarin gudu.

Inda ƙarfi ke zubewa a ƙasa

Nan ne ake samun gudu kyauta. Ɗaga bayan babur a kan katako, cire sarƙa, ka juya bel da hannu. Ya kamata ya juya ba tare da ka yi nishi ba. In ya yi tauri, bi ƙananan tayoyin da ke cikin bel ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ke ƙara, ko girgiɗi, ko ta ƙi juyawa, boris ɗinta ko bushinta ya tafi. Haka boris ɗin sandar da ke jan bel. Giris ɗin da za ka sa ya zama na sanyi, saboda giris na gama-gari yana yin tauri idan sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius, ya zama shi ne birki.

Ɗaurin bel kuskure biyu gare shi. In ya yi tsauri yana cin ƙarfi yana cin boris. In ya yi sako-sako haƙoran da ke jan sa suna tsallake, ka ji ƙaf-ƙaf-ƙaf idan yaro ya taso. Abin da ake nema shi ne mafi sassaucin ɗaurin da ba ya tsallake. Sassauta notunan saiti na baya rabin juyi rabin juyi, dama da hagu daidai, kana gwadawa. Bayan haka ka juya bel sau da yawa ka duba ko yana tafiya a tsakiya. In ya karkata gefe guda yana goga, ƙara ɗaure wannan gefen kaɗan har ya dawo.

Sarƙa a wanke ta da kananzir, a shafa mata man sarƙa. Ka bar mata wasa na milimita 6 zuwa 10 a tsakiyar tsawonta. Ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar sifoket ɗin baya ka ga ko ya yi layi ɗaya da haƙoran kuloci. Sarƙar da ke yawan faɗuwa kusan kullum rashin wannan layin ne. Haƙoran da suka yi tsini suka lanƙwasa sun gama aiki, kuma sabuwar sarƙa a kan tsohon sifoket ba ta daɗewa.

Birki ma a duba ko yana saki gaba ɗaya. Wayarsa takan sha ruwa ta daskare, sai ya riƙa goga ba a sani ba. In gangar birki ta yi zafi bayan tafiyar da ba a taka shi ba, ka gano ɓarawon.

Sai sikin gaba guda biyu, wato dogayen ƙafafun da ke zamewa a kan dusa a madadin tayar gaba, waɗanda na ƙarfe ne. Tsatsa a ƙasansu tana kama dusa. Goge su da takardar yashi har su yi santsi, a yi fenti, a shafa kakin siki, ko a sa musu rigar roba da ake sayarwa domin haka. Auna tazarar da ke tsakaninsu a gaba da baya. Gaba ya fi baya faɗi da milimita 3 zuwa 6. In bakinsu ya tsuke ciki, babur yana ture dusa maimakon ya zame, yana kuma fizge-fizge. Sandar ƙarfen da ke ƙasan kowane siki ita ke sa kwana ta kama, in ta cinye a sauya.

Kuloci

Cire shi ka buɗe. Cikin gangar ya zama busasshe, babu mai ko kaɗan. In takalman cikinsa sun yi ƙyalli, goge su da takardar yashi. In gangar ta koma shuɗiya, ta sha zafi saboda sulɓi. Bushin tagulla da ke tsakiya kaɗai ke son mai, ɗigo biyu ko uku bayan kowace awa biyu ta tafiya. Yaron da ke tafiya da rabin totur koyaushe yana ƙona kuloci, domin bai gama kamawa ba yake ta goga.

Ana sayar da sifirin ɗin kuloci masu tauri da ke sa shi kamawa a juyi mafi girma. Wannan yana gyara tashi, ba ya ƙara ƙarshen gudu ko kaɗan. Ga ƙaramin yaro mai koyo ma bai dace ba, don babur zai riƙa zabura.

Yanzu ka koma fili ka sake aunawa. Da yawa a nan suke tarar da sun dawo kilomita 12 ko 13, kuma ga ɗan shekara biyar ko shida wannan ya wadatar.

Sauya sifoket

Ƙirga haƙoran kuloci da na sifoket ɗin baya, ka raba na baya da na gaba. A ce ka samu 12 da 42, rabon 3.5 ke nan, inji ya juya sau uku da rabi kafin sandar bel ta juya sau ɗaya. In ka sa sifoket mai haƙora 36, rabon ya koma 3.0, gudu ya ƙaru da kusan kashi 17 cikin ɗari, kilomita 13 ta zama 15. Mai haƙora 32 zai ba da 2.67, ƙarin kashi 31, wato kilomita 17 a lissafi. Ƙara haƙora biyu a kuloci, daga 12 zuwa 14, daidai yake da rage shida a baya.

Lissafin takarda ke nan. Abin da ka samu a gudu ka biya shi da ƙarfin ja: a rabon 3.0 ƙarfin ya ragu da kashi 14, a 2.67 da kashi 24. In yaron yana da nauyi, ko filin yana da tudu, ko dusar tana da laushi, injin ba zai iya kai juyinsa ba, kuloci ya yi ta sulɓi, sai ka tarar gudun ya ragu maimakon ya ƙaru. Ma'aunin juyi ne zai raba gardama. In da sabon sifoket inji yana kai juyin da yake kaiwa da, ka ci riba. In juyin ya faɗi da ɗaruruwa a minti, ka wuce gona da iri, koma baya mataki ɗaya. Saboda haka a rage haƙora huɗu zuwa shida a karon farko, kada a yi tsalle.

Tabbatar sabon sifoket ya dace da lambar sarƙarka, tana rubuce a jikin 'ya'yanta. Sarƙa mai lamba 35 tazarar 'ya'yanta milimita 9.5 ce, ba ta hawa haƙoran 41 ko 420. Duk haƙora biyu da ka rage a baya sarƙa za ta yi rarar kusan ɗa ɗaya, don haka ka tanadi abin yanke sarƙa da rabin mahaɗi. Makullin mahaɗi rufaffen bakinsa ya fuskanci inda sarƙa ke tafiya. A mayar da murfin sarƙa kafin yaro ya hau, kowane lokaci.

Gwamna

Aikinsa ja-in-ja ne tsakanin abu biyu. Sifirin yana jan bakin kafireta ya buɗe, 'yan nauyaye da ke juyawa da inji suna tura hannun gwamna ya rufe. Inda ƙarfinsu ya yi daidai, nan juyi ke tsayawa. Sifirin da ya shekara arba'in ya saki, don haka sabon sifirin na asali kaɗai yakan dawo da juyin da ya ɓata. Duba kuma ko wayar totur tana jan sifirin har ƙarshe, da ko sandar da ta haɗa gwamna da kafireta ba ta lanƙwashe ba.

In an taɓa kwance hannun gwamna, a sake saita shi inji a kashe. Sassauta notin da ya matse hannun a kan sandarsa, tura hannun har bakin kafireta ya buɗe gaba ɗaya, juya sandar ta wannan fuskar har ta tsaya, sannan ka ɗaure. In juyi yana hawa yana sauka da kansa, ko wannan saitin ne ya kauce, ko ƙaramin jet bai gama wankuwa ba.

Don ƙarin juyi, ƙara wa sifirin tauri kaɗan, ka hau da juyi 200 zuwa 300 a minti, ka gwada da yaro a kai. Ƙarin kashi 10 a juyi ƙarin kashi 10 ne a gudu. Ƙarfin wannan inji yana da iyakar juyin da yake ƙarewa, abin da ya wuce nan hayaniya ce da zafi. Mutane da yawa suna ɗaure sifirin da igiyar roba, ko su cire gwamnan ɗungurungum. Wannan ba shawara ba ce. Ranar da sarƙa ta tsinke ko bel ya bar ƙasa yaro yana matse da totur, babu abin da zai tare injin, kuma tsohon filawil da boris ɗin karanshaf ba a yi su domin wannan juyi ba.

Bayan kowane ƙari a karanta fulogi. Yaro ya yi cikakken gudu na rabin minti, a kashe inji nan take ba tare da ya zauna a silo ba, a cire fulogi. Launin ruwan ƙasa-ƙasa a bakin fulogi shi ake so. Baƙi mai danshi, fetur ya yi yawa. Fari ko toka-toka, fetur ya yi kaɗan, a sa babban jet na gaba da shi kafin a sake tayarwa. Sanyi ma yana shiga lissafin: iskar digiri 20 ƙasa da sifiri ta fi ta sifiri nauyi da kusan kashi 8, don haka jet ɗin da ya yi daidai a rana mai sauƙin sanyi zai iya yin kaɗan a tsakiyar Janairu.

Birki da yaron da ke kai

Tazarar tsayawa ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkuwa take yi. Daga kilomita 13 zuwa 20, nisan da babur ke buƙata kafin ya tsaya ya ninka fiye da sau biyu, a kan abin hawa gajere marar abin shan gargada, mai saurin kifewa a kwana. Kafin ka bar yaro da sabon gudun, ka kafa alama, ya taka birki a kanta, ka auna inda ya tsaya, ka tabbata filin da yake wasa ya fi haka nesa da bishiya, shinge da titi.

Totur ya koma da kansa da zarar an saki, a gwada shi da safe cikin sanyi kafin a tayar da inji, a kuma gwada ana juya kan babur dama da hagu. In babur ɗin ba shi da makashin igiya, wanda ake maƙala wa rigar yaro ya kashe inji idan ya faɗi, a sa masa. Waya biyu ce kawai, ɗaya zuwa wayar kashe wuta, ɗaya zuwa jikin inji. Hular kwano dole ce, dokar Minnesota ma ta wajabta ta ga duk wanda bai kai shekara 18 ba. A cire dogon gyale da duk igiyar riga da za ta iya shiga sarƙa.

Wanda ke son sa yaronsa a tseren yara, irin wanda ake yi a kan da'irar ƙanƙara a Minnesota da Wisconsin, ya karanta dokar ajin da zai shiga kafin ya sayi komai. Ajin da ba a yarda da sauyi ba yana da ƙa'ida a kan sifoket, kuloci da gwamna, kuma ana duba injin. Ƙusoshin bel da wuƙar siki na tsere kan daskararren ruwa ne, ba na bayan gida ba. In kuwa yaron ya girma har gwiwoyinsa suna taɓa kan babur, nauyinsa ya fi ƙarfin cc 60, sai a nema masa mai cc 120 ko wanda ya fi shi.